Tolstoy na Gwanjo

Yawancinmu ba a kantin littattafai muka fara haɗuwa da Dostoevsky ba. A bakin titi muka tsince shi, kan shimfiɗar leda, tsakanin tsohon littafin lissafi da mujallar girke-girke, bangonsa ya sha rana har ya koɗe. Mai sayarwa bai san shi ba, kauri yake dubawa ya yanka kuɗi. Muka taya ya ce albarka, muka yi kamar za mu tafi, ya sallama. A shafin farko akwai hatimin wani ɗakin karatu na Amurka da ya gaji da ajiyarsa, ko sunan wata ɗaliba da ta yi ta jan layi da jan biro a babi uku na farko, daga nan ta watsar.

Bayan wata guda sai a ji mu a majalisa muna cewa mun karanta Dostoevsky. Gaskiya muka faɗa kuwa?

Mutumin nan da Rashanci ya yi rubutunsa, kuma ko kalma ɗaya ta bakinsa ba ta iso gare mu ba. Sau da yawa jimlolin da muka haddace muna taƙama da su na wata Baturiyar Ingila ce, Constance Garnett, wadda ta rasu a 1946 bayan ta juya littattafan Rasha kusan saba'in zuwa Ingilishi. Ita ta fitar da The Brothers Karamazov a 1912, Crime and Punishment kuma a 1914. Da idonta ya yi rauni, karanta mata Rashancin ake yi tana faɗar Ingilishin. Tana da sauri ƙwarai, kuma masu bin diddigi sun nuna wuraren da ta tsallake abin da ya shige mata duhu, ta kuma goge kaushin harshen Dostoevsky ya koma sumul. Mawaƙin nan Joseph Brodsky ya taɓa ƙorafin cewa masu karatu da Ingilishi ba sa iya bambance Tolstoy da Dostoevsky, domin ba ɗayansu suke karantawa ba, Garnett suke karantawa. Dalilin da ya sa ita ce ta cika tulin gwanjo kuwa ba boyayye ba ne. Haƙƙin mallakar tsofaffin fassarorinta ya ƙare, duk kamfanin da ke son buga littafi mai araha sai ya ɗauka kyauta. Sabuwar fassarar Karamazov ta Richard Pevear da Larissa Volokhonsky ta fito tun 1990, amma ba kasafai take sauka kan ledar bakin titi ba.

Wani zai ce tunda haka ne ai inuwa muka kama, mu daina cika baki. Ba mu yarda da wannan ba. In sai mun koyi Rashanci da Sifaniyanci da Jafananci kafin mu leƙa gidajen mutane, to har mu mutu muna ƙofar gida. Da babu gara ba daɗi. Kuma ba kullum fassara ke zama asara ba: Gabriel García Márquez ya jira Gregory Rabassa shekara uku don ya fassara masa One Hundred Years of Solitude, da aikin ya fito a 1970 ya ce ya fi son sa a kan nasa na asali. Mu kanmu adabinmu na boko da kayan aro ya tashi. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa ya ɗinka musu rigar Hausa a Magana Jari Ce. Iliya ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda da yawa daga cikinmu muka ɗauka ɗan gida ne, asalinsa jarumin tatsuniyar Rasha ne, Ilya Muromets. Babu wanda ya ji kunyar wannan, kuma bai kamata ba.

Abin da ke damun mu wani ne daban. Mun taso a al'adar da ba a karɓar magana sai an ce daga wa aka ji. A makarantar zaure malam na jan baƙi yana fassarawa kalma bayan kalma, almajiri na kallon bakinsa. Ya san wanda ya ba shi ma'anar, ya san malamin malaminsa, in an tambaye shi a wurin wa ya sauke littafi kaza zai faɗa da alfahari. In fassarar ta karkace, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Amma mu ɗin nan, da muka shigo karatun adabin duniya, sai muka jefar da isnadi. Muna cewa Tolstoy ya ce, Kafka ya ce, alhali wanda ya zauna shekaru yana auna kowace kalma sunansa na bayan shafin farko da ƙananan haruffa, ba mu ko duba ba. Laifin ya kasu biyu. Mun ci guminsa ba godiya, wannan butulci ne. Mun kuma jingina wa marubuci kalmomin da ba shi ya zaɓa ba, har muna gardama a kansu, wannan kuwa ya yi kusa da shaidar abin da ba mu gani ba.

Akwai kuma rariya ta biyu da ba mu cika lura da ita ba. Kafin littafi ya iso ledar nan, sai wani edita a Landan ko New York ya ga ya cancanci fassara, sai wata jami'a ta sa shi a manhaja, sai ɗalibai sun saya sun gama sun zubar, sannan a cusa shi a kwantena. Abin da muke kira adabin duniya, ragowar abin da wasu suka zaɓa ne suka ƙoshi. Shi ya sa Camus da Kafka ba sa yankewa. Shi ya sa Tayeb Salih na Sudan, wanda ya rubuta labarinsa da Larabci a 1966, yawancinmu sai da ya biya ta Ingila, Denys Johnson-Davies ya mai da shi Season of Migration to the North a 1969, kana muka san shi, duk da cewa a unguwanninmu ba a rasa masu Larabci ba. Abin da ya fi ciwo shi ne Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito da Faransanci a 1980. Labarin sarauniyar Lugu ne da ta tari sojojin Faransa a 1899, a ƙasar Hausa, amma ka shekara kana tona tulin gwanjo ba ka ci karo da shi ba. Mun san titunan Petersburg fiye da yadda muka san Dogondutsi.

Batun kuɗi ba ya hana mu barci sosai. Gaskiya ne ko sisi daga cinikinmu ba ya isa ga marubuci ko mai fassara, amma an riga an biya su ranar da aka sayi littafin sabo, kuma wannan ba ɗaya yake da bugun sata ba. Da farashin sabon littafi na waje a yau, in ba don gwanjo ba da yawancinmu sai dai mu ji labari.

Akwai wani kwafin Anna Karenina da ya daɗe yana yawo a tsakaninmu. Tun ranar da aka sayo shi ba shi da bango, shafuka huɗu na farko sun yage, da su sunan mai fassara ya tafi. Mun gwada jimlolinsa da na Garnett, ba su zo ɗaya ba. Mutum shida suka karanta shi, biyu sun yi kuka a wuri guda. Yanzu yana hannun wata ƙanwarmu a Zariya, ta aiko tana tambayar wa ya fassara shi.