Baƙon da Ba Shi da Takarda: Mai Laifi Ne, Ko Mai Zunubi?



A ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Dokta Busia ta ƙasar Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya fita. Cikin waɗanda suka ɗaure kaya har da Hausawan zango, waɗansunsu a can aka yanke musu cibiya. A watan Janairu na 1983 sai reshe ya juye da mujiya: gwamnatin Shehu Shagari ta ba da irin wannan wa'adi, mutane fiye da miliyan ɗaya suka bar Nijeriya, akasarinsu 'yan Gana. Mun taɓa zama korarru, mun kuma taɓa zama masu kora. Saboda haka tambayar nan tamu ce: mutumin da yake zaune a ƙasa ba da izinin hukuma ba, ya yi zunubi ne?

Kada mu yi saurin cewa a'a. Ƙasa tana da ikon sanin wanda ya shigo mata, kamar yadda maigida yake da ikon sanin wanda ya kwana a zaurensa. Mutanen Kano ba su manta da tarzomar Maitatsine ta Disamba 1980 ba, wanda asalinsa mutumin Marwa ne ta Kamaru. Katekisim na Ikilisiyar Katolika, a sakin layi na 2241, ya yarda hukuma ta gindaya sharuɗɗa, ya kuma ɗora wa baƙo biyayya ga dokokin ƙasar da ta karɓe shi. Wanda ya sayi takardar jabu, ko ya yi rantsuwar ƙarya a gaban jami'i, ya yi zunubi, domin ƙarya ƙarya ce ko a bakin iyaka aka yi ta.

Amma sakin layin nan da hakkin baƙo ya fara, wato wajibin da ke kan ƙasashe masu wadata su karɓe shi gwargwadon iyawarsu. A nan ne ya kamata mu dubi ƙofofin da doka ta buɗe. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga wata ƙasa ba da biza ba, ya zauna kwana 90. Bayan haka sai ya nemi izinin zama. Manomin da ya sauko daga Maraɗi cin rani, bai iya karatu ba, wa ya taɓa faɗa masa ranar da kwana casa'in suka cika? Ya kwanta yana baƙo mai gaskiya, ya tashi yana mai laifi, alhali bai aikata kome ba cikin daren. Mun koya tun a katekisim cewa zunubi mai tsanani yana bukatar sani da ganganci. Laifi a gaban doka yana iya kasancewa inda babu ko ɗayansu.

Ƙofar zama ɗan ƙasa ta fi ƙunci. Tsarin mulkin 1999, sashe na 27, yana neman zaman shekara 15, da halin kirki, da amincewar gwamna cewa jama'ar wurin sun karɓi mutumin. Haihuwa a Nijeriya kaɗai ba ta isa ba, sai in ɗaya daga iyaye ko kakanni ɗan ƙasa ne. Sashe na 26 kuwa ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajista, amma bai ba baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba. Mu da muke ɗaura auren nan biyu a gaban bagade ɗaya, da alkawari iri ɗaya, ba mu ga dalilin wannan bambanci ba.

Ra'ayinmu shi ne, hukumar da ta wajabta takarda ta ɗauki nauyin buɗe hanyar samunta, hanyar da talaka zai iya bi ba tare da cin hanci ba. Abin ba gagara ba ne. Amurka a 1986 ta halatta zaman mutum kusan miliyan 2.7. Nijeriya ma a 2019 ta ba da afuwar wata shida domin baƙi su yi rajista.

Yanzu da Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairu 2025, masu gadi da masu ga-ruwa da yawa a unguwanninmu ba su san matsayinsu ba. Muna roƙon majalisun coci da ƙungiyar Zumuntar Mata su nemi irin waɗannan mutane, Kirista ko Musulmi, su raka su ofishin shige da fice, su taimaka musu cika takardu, su kuma tsaya a wurin har a ba su rasidi.