Wa Agogon Jabu Ya Ke Cuta?

Ƙasar Bagudo tana cikin Jihar Kebbi, Kogin Kwara ya ratsa ta, kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, wadda a ke kira Dahome kafin a sake mata suna a 1975. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja wannan iyaka bisa yarjejeniyar da suka ƙulla a 1898, Illo ta faɗo hannun Ingila, Nikki ta faɗa hannun Faransa. Amma layin da aka ja a takarda bai hana mutane cin kasuwar juna ba. Mutumin Lolo in ya ƙetara zuwa kasuwar Malanbil, dole ya canja nairarsa ta koma sefa, amma ba ya taɓa agogonsa, gama lokacin ƙasashen biyu ɗaya ne.

Ta wannan hanya kayan da a ke saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano su ke haurowa arewa, sababbi da na gwanjo, har ya zama Bahaushe in ya ga abin da aka taɓa amfani da shi a Turai sai ya ce ɗan Kwatano ne. Cikin kayan nan har da agogon hannu, wani na asali, wani na jabu. A kan na jabun nan akwai tambaya wadda ta cancanci mai hankali ya tsaya ya auna ta. In agogo yana faɗin lokaci daidai, amma sunan da ke fuskarsa ba nasa ba ne, shin akwai wanda aka cuta?

Kafin a amsa, a ɗauka ga agogo uku a kan teburin wani mai gyara ran kasuwar Bagudo.

Na farko tsoho ne, fuskarsa baƙa, lambobinsa farare, a bayansa an zana wata alama kamar kan kibiya da haruffa uku, W.W.W. Kan kibiyar nan shaida ce ta kayan gwamnatin Ingila. Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a 1945, kamfanoni 12, cikinsu har da Omega da Longines da Cyma, suka yi wa sojan Ingila irin wannan agogo. Ba a yi shi don ado ba, an yi shi ne don soja ya iya karanta shi da dare, ya kuma jure ruwa da ƙura. Da ma yaƙi ne ya yaɗa ɗaura agogo a hannu tsakanin maza. Kafin yaƙin 1914 zuwa 1918 a aljihu yawancinsu su ke sa shi, amma wanda ke riƙe da bindiga ba shi da hannun laluben aljihu.

Na biyu Seiko 5 ne, ƙirar Japan, irin wanda aka fara fitarwa a 1963. Irinsa ne alhazai da fatake suka daɗe suna kawowa tsaraba. Gilashinsa ya yi zane-zane, maɗaurinsa ya koɗe, ba wanda zai waiwaya ya dube shi sau biyu.

Na uku sabo ne ƙal, yana walƙiya kamar zinariya, an rubuta Rolex a fuskarsa, da 'yar alamar kambi a sama. Kuɗin da aka saye shi bai kai na tunkiya ba, alhali na asali ya kan fi kuɗin garken shanun wani.

Mai gyara ba ya yin hukunci da fuska. Sai ya juya agogo, ya buɗe bayansa, ya sa madubinsa a ido. A cikin na farko zai ga wata siririyar wayar ƙarfe naɗaɗɗiya, ita ce ke ɗaurewa in an yi wa agogo wani. Tana warwarewa a hankali tana tura waɗansu 'yan faya-faye masu haƙora, su kuwa suna tura tsinkayen da ke nuna lokaci. Abin da ke hana wayar nan warwarewa gaba ɗaya shi ne wani ɗan zobe mai kai da komowa, sau 5 ko 6 cikin kowane sakan, shi ne mutum ke jin bugawarsa in ya kara agogo a kunne. Cikin na biyu ma haka abin ya ke, sai dai an ƙara wani ɗan ƙarfe mai nauyi, siffar rabin wata, wanda ke juyawa duk sa'ad da mai agogo ya motsa hannu, ya yi masa wani da kansa. Shi ya sa waɗansu ke cewa da jinin mutum ya ke aiki. Ba jini ba ne, motsi ne. In an ga an rubuta duwatsu 17 ko 21 a jikinsa, watau waɗansu 'yan jajayen duwatsu ne masu tauri da a ke sawa inda ƙarafa ke gugar juna, don kada su cinye da wuri.

Da ya buɗe na uku, sau da yawa abin da zai tarar ɗan batir ne da ɗan inji mai araha, sauran wurin an cike shi da roba. To, ga inda maganar ta ke da wuya. Tun da kamfanin Seiko ya fitar da agogon hannu mai batir a ƙarshen 1969, aka ga irinsa ya fi mai wani kiyaye lokaci nesa ba kusa ba. Agogo mai wani, kome tsadarsa, ya kan yi gaba ko baya da 'yan sakan kowace rana, mai batir kuwa sai ya yi mako bai yi kuskuren da ya kai haka ba. Saboda haka yana yiwuwa cikin ukun nan na jabun ne ya fi faɗin gaskiyar lokaci.

Masu kare shi da wannan su ke kafa hujja. Su kan ce, an yi agogo ne don ya faɗi lokaci, wannan kuwa yana faɗi, mene ne laifinsa? Su kan ƙara da cewa talaka ma yana da sha'awar ado, kuma kamfanin da ke can Turai bai yi asarar kome ba, tun da wanda ya sayi na jabu da ma ba shi da halin sayen na asali. Daga ƙarshe su ce, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba wanda zai biya kuɗin tunkiya ya zaci an ba shi garke.

Waɗannan maganganu ba na banza ba ne, akwai gaskiya a cikinsu. Amma sun manta agogo magana biyu ya ke yi. Tsinkayensa suna cewa ƙarfe kaza ne, fuskarsa kuwa tana cewa wane ne ya ƙera ni. Shaidan da ya zo gaban alƙali ya faɗi abin da ya gani daidai, amma ya ba da sunan wani a maimakon nasa, ba a karɓar shaidarsa, don wanda ya yi ƙarya a kan kansa ba a san inda zai tsaya ba. Laifin agogon jabu ba a ƙarfensa ya ke ba, ba kuma a araharsa ba. Laifin yana cikin haruffa 5 ɗin nan da aka rubuta a fuskarsa.

Dalilin da ya nuna haka shi ne, kwaikwayo shi kaɗai ba aibi ba ne. Kowane ɗan koyo da kwaikwayon maigidansa ya ke farawa, ko maƙeri ne ko maɗinki. Akwai kamfanoni da yawa masu yin agogo da siffar na sojan nan, baƙar fuska da fararen lambobi, amma su rubuta sunansu na kansu. Wanda ya saya ya san abin da ya saya, wanda ya gani a hannunsa ya san abin da ya gani. Wannan kwaikwayo ne, wancan kuwa jabu. Bambancinsu kamar na wanda ya ɗinka riga irin ta sarki ne da wanda ya shiga ƙauye ya ce shi ne sarkin.

To, sai a duba waɗanda a ke cuta. Na fari shi ne mai saye wanda bai sani ba. Ba kowa ne ya san kuɗin Rolex ba. Manomin da ya sayar da shinkafarsa ko albasarsa, ya shigo kasuwa da niyyar sayen abin da zai bar wa ɗansa, in dillali ya rantse masa cewa na asali ne ɗan Kwatano, ya karɓi ninkin kuɗinsa sau 10, wannan algus ne tsantsa, daidai da zuba ruwa a nono. Malaman shari'a sun daɗe da bayyana cewa wajibi ne mai sayarwa ya faɗi aibin kayansa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Na biyu shi ne mai kallo. In mai saye ya san jabu ne, lalle ba a cuce shi ba, amma sai a tambaye shi don me ya zaɓi mai sunan nan, ga wani kusa da shi kuɗinsu ɗaya, mai ɗauke da sunansa na gaskiya. A zamanin nan da kusan kowa ke duba lokaci a wayar hannu, ba neman sanin ƙarfe nawa ne ya sa shi saye ba. So ya ke a gan shi a zaci wani abu. Watau ƙaryar ba ta mutu a teburin mai sayarwa ba, ta sake ubangida ne kawai. In abin ya tsaya ga ado ran salla, da sauƙi. Amma sau nawa a kan ba mutum bashi, ko a ba shi amanar kaya, ko ma a ba shi aure, don abin da aka gani a jikinsa? A nan wasa ya ƙare, gama wani ya gina shawararsa a kan abin da babu.

Na uku shi ne mai kayan gaskiya. Kasuwar da jabu ya yi yawa a cikinta, mai na asali ne ke shan wahala, don in ya rantse ba a yarda, tun da mai jabu ma ya rantse. Har tsofaffin agogon soja ba su tsira ba. Da aka ga masu sha'awar tara su a ƙasashen duniya suna biyan kuɗi mai yawa, sai waɗansu suka shiga zana kan kibiya a bayan agogon da bai taɓa ganin bariki ba. Ta haka ƙaryar mutum ɗaya ta kan rage darajar maganar mutum ɗari.

Akwai wata matsala kuma da ke kusa da wannan. Mutum ya gaji agogon mahaifinsa, gilashi ya fashe aka sake, maɗauri ya tsinke aka sake, daga baya inji ya mutu, mai gyara ya ciro na wani mataccen agogo ya sa masa. Shin har yanzu agogon mahaifin ne? Masu jirgin ruwa a bakin Kwara sun san irin wannan, don jirgi ya kan sha faci har a rasa katakon farko, amma ba a fasa kiransa jirgin wane. A wurin ɗan, agogon mahaifinsa ne, ba mai hana shi faɗin haka, kuma mai gyaran ya yi aikin kirki da ya raya abin da ya mutu. Amma ran da zai sayar, wajibi ne ya ce, gidan na asali ne, injin kuwa an sake. In ya faɗi, ciniki ya halatta ko nawa aka saya. In ya yi shiru, agogon gado ya zama jabu a hannunsa, ko da ya ke ba a ƙara masa ko ƙusa ɗaya ba. Wannan ya nuna jabu ba irin ƙarfe ba ne, irin magana ne.

Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci yana da rabo biyu cikin wannan zance. Na ɗaya, karatun da ya samu makami ne a kasuwa. Zai iya juya agogo ya karanta bayansa, ya lura ko haruffa sun karkace ko an rubuta suna ba daidai ba, ya nemi a buɗe masa ciki gaban mai gyara, ya kuma ce a rubuta masa a takarda abin da aka faɗa da baki. Mai algus ba ya son alƙalami. Na biyu ya fi na farko nauyi. Takardar shaidar da aka ba shi ran gama aji kamar sunan da ke fuskar agogo ce, karatun da ke kansa kuwa shi ne injin. In ya rataye takarda a bango, ya bar karatu har ya manta, ranar da maƙwabci ya kawo masa wasiƙa ko takardar asibiti, ranar ce a ke buɗe bayan agogo. Agogo mai wani in an kwana biyu ba a yi masa wani ba tsayawa ya ke yi, karatu ma haka.

Hausawa suna yi wa agogo kirari da sarkin aiki, ba su ce sarkin ado ba. Cikin ukun nan da ke teburin mai gyara, Seikon da ya koɗe ba ya jan idon kowa, amma abin da ya rubuta a fuska shi ne abin da ke cikinsa, in ya yi baya da minti ɗaya a gyara shi a ci gaba. Mai shi yana iya miƙa hannu gaban kowa ba tare da fargaba ba. Mai na ukun kuwa kullum yana addu'ar kada ya zauna kusa da wanda ya san agogo.