Ina Ledar Da Muka Yar Ta Nufa?

Tunani a kan Farawa 2:4-15 da Yohanna 6:1-13, domin jama'ar Allah da ke Dodoru da sauran ƙasar Gwandu da Kalgo



Duk wanda ya ratsa filin kasuwa da yamma bayan ta watse, ya san abin da za mu yi magana a kai. Baƙar leda ta rufe ƙasa, ledar ruwa ta cika lambatu, iskar hunturu kuma ta kwashi saura ta rataye a kan aduwa da bagaruwa, har daga nesa mutum ya zaci tsuntsaye ne suka sauka. Idanunmu sun saba da wannan har mun daina ganinsa. Yau muna so mu tsaya mu dube shi da hasken Maganar Allah.

Dattawanmu suna iya tuna lokacin da mace za ta tafi cefane da ƙwarya da faifai, ta ɗaure kayanta da igiyar kalgo, a ƙunsa mata daddawa cikin ganye. In ƙwarya ta fashe a ɗinke ta, in ta ƙi ɗinkuwa a jefa ta juji, damina ɗaya ko biyu ta zama taki. Abin da ya fito daga ƙasa, ƙasa ke karɓarsa. Leda da roba kuwa daga ɗanyen mai da iskar gas ake yin su, kuma ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye da kara ba su iya cin su. Rana tana gasa su, su farfashe su zama ɓarɓashi, amma suna nan cikin ƙasa da ruwa shekara da shekaru.

Bari mu ji girman al'amarin. A shekarar 1950, robar da duniya duka ta ƙera ba ta wuce tan miliyan 2 ba. A 2019 ta kai kimanin tan miliyan 460. Wani bincike da masana a Amurka suka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa zuwa 2015 ɗan Adam ya ƙera tan biliyan 8.3. Daga cikin wadda ta zama shara, kashi 9 cikin 100 ne kawai aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, sauran kashi 79 suna jibge a bola ko warwatse a bayan ƙasa. A 2022 kuma masu bincike a ƙasar Holan suka sami ɓarɓashin roba cikin jinin mutane.

Kada mu ce wannan labarin masu bakin teku ne. Ruwan da ya wanke kasuwanninmu da damina yana bin ƙorama zuwa fadama, ya faɗa Gulbin Rima wanda ke ciyar da masuntan Argungu da manoman shinkafar Birnin Kebbi. Daga nan ya haɗu da Kwara, ya bi ta Yawuri da Lokoja har teku. Ledar da yaro ya yar a Dodoru tana da hanyar da za ta kai ta nesa. Amma kafin ta tafi, mu take fara cuta.

Mu tambayi mahauta, su ne shaidu. Da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, akuya da tunkiya da saniya sukan bi ƙanshin gishiri da mai su haɗiye leda. Tumbin dabba ba ya narkar da ita. Sai ta cure ta cika wurin abinci, dabbar ta riƙa ramewa ga ciki a kumbure, nono ya ƙafe, daga bisani ta mutu ko a yanka ta a sayar da asara. Mu tuna da gwauruwar da dukiyarta duka awaki uku ne, da su take biyan kuɗin makaranta da na magani. Idan ɗaya ta mutu da ledarmu a cikinta, wa ya cuce ta? Littafin Karin Magana, sura 12, ya koya mana cewa ana gane adali ko ta yadda yake kula da ran dabbarsa. Yaya kuwa ran dabbar maƙwabci?

Haka yake a gona. Takin da muke kwasa daga juji yanzu cakuɗe yake da leda, ita kuwa tana tare saiwar gero da dawa, tana hana ruwa ratsa ƙasa. A cikin gari tana toshe magudanar ruwa, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, katangar ƙasa ta jiƙa ta zube. Mu da muka ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, mun san ruwa ba abin wasa ba ne. Leda ba ita ta kawo ambaliyar ba, amma ruwan da ya iske hanyarsa a toshe, gidan talaka yake shiga. Ga kuma hayaƙi. Da yawa cikinmu da leda muke hura wutar girki, uwa tana shaƙar gubarta da goyo a bayanta.

To, me Maganar Allah ta ce? Littafin Farawa ya nuna mana cewa sa'ad da Allah ya ajiye mutum cikin gonar Adnin, aiki biyu ya ɗora masa, wato noma da tsaro. Na farkon mun riƙe shi da kyau, gama mu manoma ne. Na biyun ne muka sake. Ƙasa amana ce a hannunmu, kuma duk mai riƙon amana akwai ranar da za a tambaye shi.

A cikin Bishara kuwa, bayan Ubangijinmu Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar da gurasa biyar da kifi biyu, bai sallami taron ya bar wurin yadda yake ba. Ya umarci almajiransa su tsince gutsattsarin da suka rage, har suka cika kwando goma sha biyu. Wanda ke da ikon yawaita gurasa bai yarda a wulaƙanta ko ɓarɓashinta ba. Almajiran da suka raba abinci, su ne kuma suka sunkuya suka tsince. Mu fa, idan an tashi daga bikin godiyar girbi, ko ɗaurin aure, ko taron Zumuntar Mata, yaya muke barin filin majami'a?

Wannan koyarwa ba sabuwa ba ce a Ikkilisiya. A 1979 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ba da Waliyi Faransis na Asisi ya zama majiɓincin masu kula da halitta. A saƙonsa na Ranar Zaman Lafiya ta Duniya, 1 ga Janairu 1990, ya bayyana cewa lalacewar muhalli al'amari ne na lamiri. Marigayi Paparoma Faransis, cikin wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, ya gargaɗe mu game da halin amfani da abu sau ɗaya a yar, yana nuna cewa zuciyar da ta saba yar da kaya takan kai ga yar da mutane, wato tsofaffi da matalauta da marasa lafiya. A shekarar ne kuma ya sa 1 ga Satumba ta zama ranar addu'a domin kula da halitta.

Mu faɗi gaskiya, roba tana da amfaninta. Sirinjin asibiti, bokiti, butar ruwa da bututun ban-ruwa duk roba ne, ruwan leda mai tsabta kuma ya tsare mutane da yawa daga shan gurɓataccen ruwa. Gaskiya ne kuma cewa nauyi mafi girma yana wuyan manyan masana'antu da hukumomi. A Maris 2022 ƙasashen duniya sun amince a Nairobi za su ƙulla yarjejeniya a kan sharar roba, amma taron Busan a 2024 da na Janeba a Agusta 2025 sun watse ba a daidaita ba. Duk da haka Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Jihar Legas kuma ta hana mazubin abinci na kumfa a 2024. Abin yana yiwuwa. Amma akuyar gwauruwa ba za ta jira manya su gama shawara ba.

Saboda haka muna roƙon kowace majami'a da kowane gida su ɗauki waɗannan. Na fari, mu koma zuwa kasuwa da kwando ko jaka, mu ce wa mai kaya ya bar ledarsa. Na biyu, mu je da kwano wurin mai koko da mai ƙosai, mu daina zuba abinci mai zafi cikin leda. Na uku, mu daina hura wuta da ita. Na huɗu, kada a tashi daga kowane taron Ikkilisiya sai an tsince wurin, manya su fara, yara su gani. Robobin da za su sayu a kai wa 'yan jari-bola, ledar da ba ta da mai saye a tara ta cikin rami mai zurfi, nesa da rijiya da dabbobi. Na biyar, kafin ruwan farko ya sauka, matasanmu su nemi mai unguwa da maƙwabtanmu Musulmi a yashe magudanai tare. Su ma addininsu ya koya musu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya aikin lada ne. Lambatu ɗaya muke da shi, sauron da ya tashi daga cikinsa kuwa ba ya tambayar addinin kowa.

Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Da leda ɗaya ɗaya muka ɓata ƙasarmu, da ɗaya ɗaya kuma za mu gyara ta. Idan muna binciken zuciya kafin mu je furta zunubi, mu ƙara da wannan tambaya: me na yar yau wanda zai cuci ɗan'uwana gobe?

Mu yi addu'a. Ya Allah Mahalicci, kai ka ba mu fadama da tudu, gulbi da dabbobi. Ka gafarta mana sakacinmu, ka ba mu hannuwan da ba su jin kunyar tsinta, domin mu miƙa wa jikokinmu ƙasar da za ta ciyar da su. Ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Tsattsarkar Maryamu, Uwar Allah, ki yi addu'a dominmu. Waliyi Faransis na Asisi, ka yi addu'a dominmu.