Bashin da Ba a Rubuta a Littafi Ba

Mu 'yan kasuwa ne jikokin 'yan kasuwa, mun san lissafin bashi. A New Bell, unguwar da Hausawan Duwala suka daɗe da yi wa zango, duk wanda ya taɓa hajarka yana da kasonsa: direban mota, ɗan dako, dillali. Tambayar da ke damuna ita ce: shin akwai hakki a kanmu na wanda ya yi mana aiki alhali bai san ya yi ba?

Dubi manjan da ake aunawa a kasuwanninmu. Bishiyar kwakwar manja tana fitar da fure namiji daban, tamace daban. Wani ɗan ƙwaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba ne ke hayayyafa a cikin namijin, ya kwashi garinsa ya kai wa tamacen, sannan 'ya'ya su ƙullu. A Malesiya, inda babu shi, ma'aikata ne ke yin wannan aiki da hannu, har zuwa 1981 da aka ɗauke shi daga nan Kamaru aka sake shi a gonakinsu. Sunan ƙasar nan ma yana cikin sunan da masana suka raɗa masa: Elaeidobius kamerunicus. Kokon da ake lodawa a tashar jiragen ruwan Duwala ma wasu ƙananan ƙudaje ne ke barbarar furensa. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in amfanin gonar da ake ci suna dogara da irin waɗannan halittu, ko da ɗan kaɗan ne.

Wani zai ce: ai ƙudan zuma cikinsa yake yi wa aiki, ba mu ba, godiyar me za a yi masa? Hujjar tana da ƙarfi, amma ban gamsu ba. Ɗan dakon da ya sauke maka buhun goro ba don yana ƙaunarka ya yi ba, abincin iyalinsa yake nema. Wannan bai sa ka ce ba ya binka komai ba. A ganina, hakki yana biyo amfanin da ka ci ne, ba niyyar wanda ya amfane ka ba.

To da me za a biya wanda ba ya karɓar kuɗi, ba ya jin "na gode"? Da kame hannu. Manomi ya guji feshin maganin ƙwari da rana tsaka lokacin da gona ke fure. Mai ɗiban zuma ya kori ƙudan da hayaƙi, kada ya babbake amya. Mai sayen zumar Adamawa ko farar zumar Oku ya tambayi yadda aka ɗebo ta, kamar yadda yake tambayar farashi.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ɗabi'ar da ke tsirowa. Wanda ya saba cin gumin wanda ba ya iya kai ƙara, ba a kan ƙwari zai tsaya ba. Gobe almajirin da ke wanke masa kwanuka ne, jibi yaron shagonsa.