Wanda ya fake a inuwarmu: a miƙa shi ko a riƙe shi?

 

Ya ƴan'uwa, ƙasashe sukan ƙulla alkawari tsakaninsu cewa duk wanda ake tuhuma da laifi, in ya tsallake iyaka, za a maido shi ya fuskanci shari'a. Ƙasashen CEDEAO sun sa hannu ga irin wannan yarjejeniya a Abuja a 1994. Manufar kyakkyawa ce, don in babu ita, mai kisa da ɓarawon dukiyar talakawa sai su mai da iyaka garkuwa. To amma in wanda ke neman mutumin shi ne maƙiyinsa, kuma shi ne alƙalinsa fa?

Tarihinmu ya san fuska biyu na wannan al'amari. Lokacin da Ƙuraishawa suka aiki Amru ɗan Asi da kyaututtuka zuwa ga Najjashi don ya ba su musulmin da suka yi hijira zuwa Habasha, sarkin ya ƙi yanke magana sai da ya saurari Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib. Da ya ji, ya maida kyauta, ya riƙe baƙinsa. A Hudaibiyya kuwa, shekara ta 6 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya maida Abu Jandal ga mutanen Makka, alhali ya zo da mari a ƙafa, saboda alkawari ya riga ya ɗauru, ko da yake abin ya yi wa Sayyidina Umaru nauyi ƙwarai. Sai dai mu lura: mata muminai da suka gudo bayan haka ba a maida su ba, kamar yadda ya zo cikin Suratul Mumtahana. Ashe alkawarin ma yana da inda ya tsaya.

Mu nan Nijar mun ga abin da idonmu. Sa'adi ɗan Ƙaddafi ya shigo ƙasarmu a Satumba 2011, hukuma ta ba shi mafaka don jinƙai, ta kuma daɗe tana ƙin miƙa shi. A Maris 2014 aka sa shi jirgi zuwa Tarabulus, bisa hujjar cewa ya karya sharaɗin zama shiru. A 2015 hotuna suka fito ana bugun tafin ƙafarsa cikin kurkuku. A 2018 kotu ta wanke shi daga tuhumar kisa, amma ba a sake shi ba sai 2021. Ba muna wanke gidan Ƙaddafi ba ne. Waɗanda suka sha wuya a hannunsu suna da haƙƙin a bi musu kadinsu. Abin da muke cewa shi ne, baƙon da ya saɓa sharaɗi ana iya ƙuntata masa ko a nema masa wata ƙasa, amma saɓonsa bai halatta a kai shi inda bulala ke riga alƙali magana ba. Dokar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984 mai hana azabtarwa, wadda Nijar ta shiga a 1998, ita ma ta haramta haka.

Wani zai ce: ke nan sai azzalumi ya kwanta lafiya a inuwarmu? A'a. Hissene Habre ya fake a Senegal tun 1990, Beljiyam ta nemi a ba ta shi, ba a ba ta ba. An yi jinkiri mai tsawo, wanda abin zargi ne, har wasu masu ƙara suka rasu suna jira. Daga bisani aka kafa kotu a Dakar, mutanen Cadi suka zo suka ba da shaida a gabansa, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a Mayu 2016.