Jini Amanar Allah Ne: Mai Bi da Ciwon Hawan Jini

Karatu: Littafin Firistoci 17:11; Luka 17:11-19; 1 Korantiyawa 6:19-20

Tun zamanin Musa Ubangiji ya hana Isra'ilawa cin jini, ya kuma bayyana musu dalili, wato a cikin jini ne ya ajiye ran kowace halitta. Ƙarnuka masu yawa sun shuɗe kafin masana su fahimci yadda jinin nan yake tafiya. Sai a 1628 wani likita ɗan Ingila, William Harvey, ya nuna cewa zuciya ce take tura jini ya zagaya jiki duka, ya kuma komo wurinta. Ya kamata kowane iyali na masu bi su san wannan aiki na hikimar Mahalicci, domin wanda bai san darajar amana ba, da wuya ya riƙe ta da kyau.

Yadda Jini Yake Zagayawa

Mazauna unguwar Shamaki da sauran unguwannin Gombe sun san cewa ruwan famfo daga madatsar Dadin Kowa yake zuwa, kuma ba zai iso ba sai injuna sun turo shi da ƙarfi ta cikin bututu. Haka jikin mutum yake. Zuciya ba ta wuce girman dunƙulen hannun mai ita ba, amma tana da ɗakuna huɗu da ƙofofin da suke hana jini komawa baya. Ɓangaren dama yana aika jini zuwa huhu ya ɗebo iska mai kyau, na hagu kuwa ya tura shi zuwa ƙwaƙwalwa, da ƙoda, har yatsun ƙafa, ta jijiyoyin da suke rarrabuwa har su fi gashi sirantaka. Babban mutum yana da jini kimanin lita 5, kuma ko yana zaune zuciyarsa tana tura kusan wannan adadi a kowane minti. Tana bugawa wajen sau 100,000 a dare da yini, ba hutun Lahadi, ba na Kirsimeti. Ba banza ba Dawuda ya yabi Allah a Zabura 139 saboda al'ajabin yadda aka siffata shi.

Ƙarfin da jini yake matsa bangon jijiya da shi, shi ne ma'aikacin lafiya yake aunawa sa'ad da ya ɗaura maɗauri a damtse. Lamba biyu yake rubutawa. Ta sama tana nuna matsin a lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuwa a lokacin da ta saki. Awon mai lafiya yakan kasance kusa da 120 bisa 80. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku biyu dabam-dabam, Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran wannan hawan jini.

Ɓarawon da Ba Ya Sallama

Idan jijiyoyi suka ƙanƙance ko suka yi tauri, ko gishiri ya sa jiki ya riƙe ruwa fiye da kima, dole zuciya ta ƙara ƙarfi. A hankali sai ta gaji, ƙoda ta lalace, ido ya dushe, ko jijiyar ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, mutum ya wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Abin tsoron shi ne, yawanci ciwon ba ya nuna alama. Fiye da mutum biliyan ɗaya suke ɗauke da shi a duniya, kusan rabinsu ba su ma sani ba. Mutane da yawa suna tsammani yawan tunani kaɗai yake kawo shi, alhali gado, da shekaru, da ƙiba, da giya, da taba, da rashin motsa jiki duk suna da hannu.

A nan Zumuntar Mata take da babban aiki, gama tukunya a hannun uwa take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma dunƙulen ɗanɗano da kanwa suna cikin lissafin. Tun shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da alaƙa tsakanin yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Mai juna biyu kuma kada ta yi wasa da awon ciki, domin hawan jini ne yake kai wa ga jijjiga, wadda takan ɗauki uwa da ɗa.

Magani da Bangaskiya

Akwai ɗan'uwa da zai sha magani wata uku, a yi masa addu'a a taron farkawa, ya ba da shaida, ya zubar da ƙwayoyinsa. Bayan wasu watanni ikkilisiya ta taru wurin jana'izarsa, ya bar gwauruwa da marayu. Allah yana warkarwa, babu shakka, amma dubi abin da Yesu ya yi da kutare goma: ya aike su wurin firistoci, waɗanda Doka ta ɗora wa alhakin duba mai kuturta su tabbatar ya tsarkaka. Wanda ya gaskata an warkar da shi, ya koma a auna shi, likita ya faɗa da bakinsa. Shaidar da awo ya tabbatar ta fi ɗaukaka sunan Ubangiji. Annabi Ishaya ya isar wa Sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, duk da haka ya umarta a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Bulus ya ambaci Luka da sunan sana'arsa ta likita, da ƙauna kuma. Sa'ad da Iblis ya nemi Yesu ya diro daga kan Haikali, Ubangiji ya ƙi, gama jefa kai cikin hatsari da gangan gwada Allah ne. Maganin hawan jini riƙe awon yake yi, shi ya sa yakan sake hawa in an daina sha.

Abin da Ikkilisiya Za Ta Yi

Na'urar awon jini ba ta fi ƙarfin baikon ikkilisiya ɗaya ba, kuma da wuya a rasa nas ko ma'aikacin lafiya a cikin taron masu sujada. A keɓe Lahadi ɗaya a wata a auna manya bayan sujada, a kuma tuna da 17 ga Mayu, ranar faɗakarwa kan hawan jini ta duniya. Wanda awonsa ya hau a tura shi asibitin unguwa, ko Asibitin Ƙwararru na Jiha, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Dattawa su bincika ko akwai tsoho ko gwauruwa da ta daina shan magani don rashin kuɗi. Kamar yadda zuciya ba ta manta ɗan yatsan ƙafa, haka bai kamata jikin Almasihu ya manta da mafi ƙanƙantar gaɓarsa ba.

Bulus ya tuna wa Korantiyawa cewa jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, an kuwa saye shi da tamani mai tsada, wato jinin Ɗan Rago. Wanda aka fansa da irin wannan jini zai ba da lissafin yadda ya kula da nasa. Ubangiji ya ba iyalan ikkilisiyarsa hikima da tsawon rai domin hidimarsa. Amin.