Gawayin Kaɗanya da Haƙƙin Gwauraye

 Abin da ke faruwa a dazuzzukanmu na Neja da Nasarawa da kudancin Kaduna ya hana ni yin shiru. Manyan motoci maƙare da buhunan gawayi suna ta kwarara zuwa Abuja da Kano. Dillalai kuwa gawayin kaɗanya suke nema, don ya fi daɗewa yana ci. Wa ke sayar musu da itatuwan? Mu ne, har da dattawan ikilisiya!

In ka yi magana sai a ce maka: "Gonata ce, kuma Allah ya ba mutum mulkin duniya." Wane irin mulki ke nan? Farawa sura 2 ta nuna an sa Adamu cikin gona ne domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Maimaitawar Shari'a sura 20 ta hana sare itace mai 'ya'ya ko a lokacin yaƙi. Abin da aka hana mayaƙi a ƙasar abokan gaba, kai kana yi wa maƙwabciyarka!

Kaɗanya takan kai shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya, tana kuma iya rayuwa fiye da shekara 200. Inji ya kayar da ita kafin rana ta take. Gwauruwar da ke sammako da damina ta tsinci kaɗe, ta yi mai, ta biya kuɗin makarantar marayunta, ina za ta nufa? In an sare ɗorawa kuma, mai tara kalwa ta yi daddawa fa? Dillali ya kwashe riba, yaron da ya sha hayaƙi ya tashi da tari da 'yan canji, ruwa ya zaizaye gonar. Ran Lahadi kuma ka kawo zakka daga kuɗin, kana murmushi. Ka ji tsoron Allah, shi ne mai tsaya wa gwauraye!

Ƙaunatattu, na san akwai matsi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 rayuwa ta yi tsanani, Ubangiji kuma ya ga hawayenku. Ɗaukar busasshen itace ba laifi ba ne. Amma kaɗanya da ɗorawa masu rai, ku bar su. Wanda ya riga ya sare, ya tuba, ya dasa wasu, ya taimaki waɗanda ya raba da abincinsu. Dattawa, ku fara da gonakinku. Ubangiji ya ba mu zuciyar tuba. Amin.